Grant Wood, Ɗan Manomi, Malamin Zane

Yara, darasinmu na yau zai kai mu nesa, ƙetaren teku, ƙasar Amurka. Za mu karanta labarin wani ɗan manomi wanda ya zama malamin makaranta, ya kuma yi suna wajen zanen hotuna da fenti. Sunansa Grant Wood. Ya yi shekaru yana yawon neman abin da zai zana a ƙasashen waje, daga baya ya same shi a ƙofar gidansu. Ku karanta a hankali, akwai tambayoyi a ƙarshe.

1. Ƙasar da aka haife shi

Ku duba taswirar Amurka. A tsakiyarta akwai wata jiha mai suna Ayowa. Manyan koguna biyu sun sa ta tsakiya: Misisipi daga gabas, Misuri daga yamma. Ƙasarta baƙa ce, mai albarka. Mutanenta suna noman masara da yawa, suna kiwon shanu da aladu. Lokacin sanyi ƙanƙara tana rufe gonaki, ba a noma sai ta narke.

A nan aka haifi Grant Wood, ran 13 ga watan Fabrairu na shekarar 1891, cikin wata gona kusa da garin Anamosa. Tun yana ƙarami yake son zane. An ce da bakin itacen da ya ƙone a murhun uwarsa ya fara, yana zana kajin gidansu bisa kwali.

A shekarar 1901 ubansa ya rasu, yaron yana da shekara 10. Uwar ta bar gona, ta kwashe ƴaƴanta huɗu, suka koma birnin Cedar Rapids, kamar kilomita 40 daga Anamosa. Shekara goma kawai Grant ya yi a ƙauye, amma bai taɓa manta tuddai da gonaki da rumbunan da ya gani a lokacin ba.

2. Neman sana'a

Gidan ba su da wadata. Grant yana zuwa makaranta, yana kuma yin ƙananan ayyuka don ya taimaki uwarsa. Ya gama makarantar sakandare a 1910. Daga nan ya tafi birnin Minneapolis, ya koyi aikin hannu, musamman aikin tagulla da azurfa. Da ya dawo, ya koyar shekara ɗaya a wata makarantar ƙauye mai aji guda, inda manya da ƙanana suke zaune ɗaki ɗaya, malami ɗaya.

A 1913 ya tafi Shikago, babban birnin yankin. Da rana yana aikin maƙerin azurfa, da dare yana koyon zane a makarantar babban gidan adana hotuna na birnin. A 1916 ya koma gida hannu wofi, ya tarar uwarsa ta rasa gidanta saboda bashi. Da hannunsa ya gina musu ɗan ƙaramin ɗaki na katako, suka zauna.

A 1918 ya shiga soja, lokacin yaƙin duniya na farko. Ba a kai shi fagen fama ba. Aikinsa shi ne tsara fentin da ake shafa wa manyan bindigogi, don su saje da ƙasa da itatuwa, abokin gaba ya kasa ganinsu.

3. Malamin makaranta

Daga 1919 zuwa 1925 Grant Wood ya koyar da zane a makarantun gwamnati na Cedar Rapids, da farko a makarantar Jackson, sannan a makarantar McKinley. Ɗalibansa yara ne masu shekara 12 zuwa 15.

Yakan haɗa su aiki guda, kowa da rabonsa. Wata shekara ɗalibansa suka zana wani dogon hoto bisa takarda, na tsibiran da babu su a duniya, sai a cikin tunaninsu. Shi kansa yakan tsinci tarkacen da aka zubar, murfin kwalba, guntun waya, tsohon ƙarfe, ya harhaɗa su su zama fure cikin tukunya. Da haka ya nuna wa yara cewa rashin kayan aiki masu tsada ba ya hana mutum yin abu mai kyau.

A 1924 wani mai kuɗi na garin, David Turner, ya ba shi saman ɗakin da ake ajiye keken doki a bayan gidansa, ba haya. Wood ya gyara wurin da hannunsa, ya zama ɗakin kwana da ɗakin aiki. Shi da uwarsa suka zauna nan har 1935.

4. Tafiya Turai

A wancan zamani, duk mai zane ɗan Amurka yana ganin ba zai cika gwani ba sai ya je Faransa. Wood ma haka ya ɗauka. Tsakanin 1920 da 1928 ya je Turai sau 4. Ya yi karatu a wata makarantar zane ta birnin Pari mai suna Académie Julian. Ya zana tsofaffin ƙofofi da tituna da coci-coci, yana bin hanyar masu zanen Faransa, waɗanda suke ɗiga fenti da sauri don su kama hasken rana. A 1926 ya baje hotunansa a Pari, amma ba su ja hankalin mutane sosai ba. Masu irin wannan zane sun yi yawa a birnin.

A 1928 ya tafi Munik, ƙasar Jamus. Garinsu ne ya ba shi aikin wata babbar taga ta gilashi mai launuka, tsawonta kamar mita 7, faɗinta mita 6, domin tunawa da sojojin da suka yi yaƙi. Gwanayen aikin gilashi suna Munik, shi ya sa ya je can. Da ya sami sarari, sai ya shiga gidan adana hotuna, ya tsaya gaban aikin masu zanen da suka rayu wajen shekara 500 da suka wuce, irin su Hans Memling. Waɗannan mutane ba su gaggawa. Suna zana kowane gashi, kowane ɗinkin riga, kowace tamoji a fuska. Kuma fuskokin mutanen ƙasarsu suke zanawa, da tufafin ƙasarsu.

Wood ya dawo gida da sabuwar shawara: zai zana mutanen Ayowa da ƙasar Ayowa, a hankali, filla-filla. Ya fara da uwarsa a 1929. Ya zana ta zaune, ta riƙe tukunyar shuka, hannuwanta duk alamar aiki, gonaki suna bayanta.

5. Hoton da ya fito da sunansa

A watan Agusta na 1930 Wood ya bi ta wani ƙaramin gari mai suna Eldon. Ya ga wani ɗan farin gida na katako, wanda tagarsa ta sama take da tsini irin na tagogin manyan coci-cocin Turai. Abin ya ba shi mamaki: ƙaramin gida da taga ta alfarma! Ya tambayi kansa: waɗanne irin mutane ne za su zauna cikin wannan gida?

Ya roƙi ƙanwarsa Nan da likitan haƙorinsa, Byron McKeeby, su tsaya ya zana su. Kowane ya zana shi dabam, ba su taɓa tsayawa tare gaban gidan ba lokacin aikin. A cikin hoton, dattijon yana sanye da tabarau da kayan aikin gona, ya riƙe sanda mai yatsu uku na ƙarfe, wadda ake ɗaukar ciyawa da ita. Macen tana gefensa, tana duban wani wuri. Babu mai murmushi cikinsu. Wanda ya lura zai ga siffar yatsun nan uku ta sake fitowa a ɗinkin rigar dattijon. Hoton ba shi da girma, tsawonsa santimita 78, faɗinsa 65. Sunansa American Gothic.

Wood ya aika da shi gasa a Shikago, ya sami lambar tagulla da dalar Amurka 300. Gidan adana hotuna na birnin ya saye shi, yana can har yau. Jaridu suka buga shi ko'ina cikin ƙasa.

Sai gardama ta tashi. Waɗansu mutanen Ayowa suka yi fushi, suka ce ya yi musu ba'a, ya nuna wa duniya su mutane ne masu ɗaure fuska, ƴan ƙauye. Waɗansu mutanen birni suka yi dariya, don su ma haka suka fahimta. Waɗansu kuma suka ce a'a, hoton yabo ne ga mutane masu haƙuri da riƙon aiki. Wood ya ce shi bai yi nufin wulaƙanta kowa ba. Har yanzu masu kallo ba su daina wannan gardama ba.

6. Makarantar Stone City

Wood bai so ya ci moriyar sunansa shi kaɗai ba. A 1932 shi da abokansa suka buɗe makarantar zane ta lokacin hutu a Stone City, wani ƙauyen masu fasa dutse kusa da Anamosa. Ɗakunan kwana ba su isa ba, sai aka jawo tsofaffin kekunan doki da ake sayar da ƙanƙara cikinsu, aka jera su bisa tudu, aka yi musu ado da fenti, mutane suka kwana ciki. Malaman ba su karɓi albashi ba. Duk da haka kuɗi suka kasa, makarantar ta rufe bayan hutun 1933.

Abin da yake koya musu shi ne: kowa ya zana abin da ya sani. Waɗansu masu zane biyu suna da irin wannan ra'ayi, Thomas Hart Benton na jihar Misuri da John Steuart Curry na jihar Kansas. Aka riƙa kiran su ukun masu zanen yanki.

A 1932 ɗin nan ne ya zana hoton ranar dashen itace: ƴar makarantar ƙauye bisa tudu, malama da ɗalibanta suna dasa itace a fili. A 2004 gwamnatin Amurka ta buga wannan zane bisa tsabar kuɗi ta santi 25, don girmama jihar Ayowa.

7. Shekarun wahala

Daga 1929 tattalin arzikin Amurka ya faɗi. Masana'antu suka rufe, farashin masara ya karye, manoma da yawa suka rasa gonakinsu saboda bashin banki. Bayan haka fari ya zo, iska ta kwashe ƙasar noma a jihohin yamma da Ayowa. Gwamnatin shugaba Roosevelt ta ɗauki masu zane aiki don su sami abinci. A 1934 Wood ya shugabanci wannan aiki a Ayowa. Shi da ƙungiyarsa suka yi manyan hotunan noma da sana'o'i don bangon ɗakin karatu na babbar makarantar garin Ames.

A nan ma akwai masu suka. Sun ce gonakin da ke cikin hotunansa kullum kore ne shar, itatuwa a dunƙule, layukan shuka a miƙe, ba fari, ba yunwa, ba bashi. Sun ce ƙauyen ƙuruciyarsa yake zanawa, ya kau da kai daga wahalar da manoma suke sha a gabansa. Masu goyon bayansa suka ce mutumin da ke cikin wahala yana bukatar abin da zai tuna masa darajar ƙasarsa.

Daga 1934 ya koyar a jami'ar Ayowa. Yakan sa ɗalibi ya fara tsara hoto da fensir da alli bisa takardar ɗaure kaya, ya gyara, ya sake gyarawa, kafin ya taɓa fenti. Waɗansu malaman jami'ar ba su yarda da hanyarsa ba, suna ganin ta tsufa, kuma tana sa ɗalibai su kwaikwayi malaminsu kawai. Saɓanin ya dame shi ƙwarai. Ciwon daji ya kama shi, ya rasu ran 12 ga Fabrairu 1942, saura kwana ɗaya ya cika shekara 51. An binne shi a Anamosa, kusa da gonar da aka haife shi.

Ma'anar kalmomi

Jiha: babban yanki na ƙasa mai gwamnansa. Amurka tana da jiha 50.
Gidan adana hotuna: gidan da ake ajiye hotuna da kayan tarihi don jama'a su zo su gani.
Saje: yin kama da abin da ke kewaye har a kasa bambancewa.
Suka: faɗin aibin aiki ko na mutum.

Tambayoyi

1. A wace jiha aka haifi Grant Wood? Waɗanne koguna ne suka sa ta tsakiya?
2. Shekararsa nawa lokacin da ya zana American Gothic? Ku yi lissafi.
3. Me ya gani a Munik wanda ya sauya aikinsa?
4. Don me waɗansu mutanen Ayowa suka yi fushi da shi?
5. Hausawa suna cewa tafiya mabuɗin ilimi. Suna kuma cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanne ne ya fi dacewa da rayuwar Wood? Ko duka biyun? Ku kawo hujja daga cikin darasi.
6. Idan fari ya sami ƙauye, me ya kamata mai zane ya nuna: gona mai kyau ko gonar da ta ƙone? Ku tattauna cikin aji.

Aiki

1. Kowa ya zaɓi mutum ɗaya na gidansu ko na unguwarsu, ya nemi izininsa, ya zana shi tsaye gaban ɗakinsa, riƙe da kayan sana'arsa: hauya, ko guduma, ko taɓarya. Gawayi da kwali sun isa. Ku lura da hannuwa da tufafi da ƙofar ɗaki.
2. A ƙasarmu ana dashen itatuwa ran 3 ga Agusta. Ku haɗu ku zana ranar dashen itace a makarantarku, kowa da rabonsa, bisa doguwar takarda guda.
3. Ku rubuta jimla biyar ƙarƙashin hotonku, da Hausa, sannan da Faransanci.