Hukuncin Ruwan Gulbi: Tsarkinsa Da Cutarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, karatunmu na wannan mako a kan ruwan da jama'ar Wurno da Goronyo ke wanka da alwala da shi ne a Gulbin Rima, da na mutanen Raba a Gulbin Sakkwato.

A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda almajiri ke karantawa a Ishmawi da Risala, abubuwa uku ake dubawa ga ruwa: launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Idan najasa ta sauya ɗaya daga cikinsu, ruwan ya najastu. Idan kuwa taɓon gulbi ne ko gansakuka suka jirkita shi, yana nan da tsarkinsa. Saboda haka jan ruwan damina ba ya hana alwala.

To, amma fa a lura. Wannan ma'auni na ingancin ibada ne, bai lamunce wa kowa lafiya ba. Ruwa yana iya zama garau ga ido, alhali cuta na ciki.

Ga misalin tsargiya, wato fitsarin jini. Mai cutar ya yi bawali a ruwa, ƙwayayen tsutsa su fita tare da shi su ƙyanƙyashe, su shiga jikin katantanwa. Bayan 'yan makonni sai su fito, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko da bai kurɓa ba. Katantanwar kuwa ruwa mai kwanciya take so. Tun da aka gama madatsar Goronyo a 1984, wadda aka gina don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, irin wannan ruwa ya yawaita, haka ma a magudanan noman rani na fadamar Wurno. Abin takaici, har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar jinin nan alamar balagar yaro. Cuta ce, tana lalata mafitsara, kuma tana da magani a asibiti.

Ya inganta cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma tsoratar game da yin bayan gida a mashaya. Wanda ya kiyaye wannan ya yanke wa tsutsar hanya tun daga tushe.

Abin da ido bai gani sai awo. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar 2006 ta wajabta a riƙa ɗiban ruwan wuraren wanka na teku da tafkuna, aƙalla sau ɗaya a wata a lokacin da ake iyo, a ƙirga ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga kashi a kowace mililita 100, a sanar da jama'a. A ganina, kare rayuka ya ɗora wa shugabanni irin wannan nauyi, wato ƙananan hukumomi da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsar. Limamai kuma su ne masu isar da sakamakon ran Juma'a.

Kafin nan, wanda ba shi da rijiya ya ɗebi ruwan gulbi ya ajiye a randa kwana 2 kafin wanka ko alwala, tsutsar tsargiya ba ta kai haka da rai. Ruwan sha kuwa sai an tafasa, domin ajiyewa ba ta kashe ƙwayar amai da gudawa.