Lissafi Ta Hannu Yake Shiga

Hirarmu ta kimiyya yau a kan ƙananan yara take, da yadda lissafi ke fara zama a kansu.

Sau da yawa uba kan ji ɗansa mai shekara huɗu ya jero ɗaya, biyu, uku, har ashirin, sai ya ce yaro ya iya ƙidaya. Amma fa haddace sunayen lambobi daban, sanin abin da suke nufi daban. Wani masani mutumin Suwizalan, Jean Piaget, ya bayyana haka cikin wani littafi da ya fito a 1941. Ga gwajinsa, kowa na iya yi a tsakar gida. A jera tsakuwa shida, a jera waɗansu shida daura da su, kowace da abokiyarta. Yaro zai yarda daidai suke. Sa'an nan, a kan idonsa, a buɗa layi guda ya ƙara tsawo, a sake tambayarsa. Galibin yaran da ba su kai shekara shida ko bakwai ba sai su ce dogon layin ya fi yawa. Ido ya rinjayi hankali ke nan.

A 1974 waɗansu masana biyu a Edinbara, James McGarrigle da Margaret Donaldson, suka mai da gwajin nan wasa. Suka kawo wata 'yar tsana, suka ce wa yara ja'ira ce mai ɓarna, suka sa ita ta hargitsa layin. Sai ga shi waɗanda suka amsa daidai sun ƙaru ƙwarai. Dalilin da suka bayar kuwa shi ne, in babba ya taɓa layin da gangan ya sake tambaya, yaro kan zaci lalle wani abu ya sake. A cikin wasa kuwa hankalinsa kwance yake, abin da ya sani sai ya fito.

Malamai sun daɗe da lura da amfanin wasa. A 1840 Friedrich Froebel na Jamus ya sa wa makarantarsa suna Kindagatin, watau lambun yara, inda suke gini da guntayen katako. Maria Montessori, likita ce, ta buɗe gidan yara a Rum a 1907. Georges Cuisenaire kuma, malamin firamare a Beljiyam, ya yanka sanduna iri goma masu launi, daga santimita 1 zuwa 10. Ja biyu ce, ruwan ɗorawa biyar. Yaro ya jera masu ruwan ɗorawa biyu, ya ga tsawonsu ɗaya da sandar goma, ya san biyar da biyar goma ba da an gaya masa ba. Gani ya kori ji.

To, iyaye, ko a zangon Kumasi kuke, ko Sudan, ko Landan, ba sai kun sayi kome ba. Ku ba yaro gyaɗa goma sha biyu ya raba wa 'yan'uwansa uku, kada ya cuci kowa. Ku sa shi ya kawo cokali ga kowane kwano. In ya ƙara wayo ku koya masa dara: gurbi 30, layi biyar na shida shida, ga ninkawa nan tun bai san sunanta ba. Mutanen Gana kuma ga oware, mai gurbi 12 da 'ya'ya 48.

Abu ɗaya za a kiyaye. Kada a yi masa tsawa ko a ɗaga bulala in ya yi kuskure, gama yaron da ya fara lissafi da tsoro yakan girma yana gudunsa, har a kasuwa a riƙa cutarsa. A bar shi ya taɓa, ya ƙirga, ya gyara da kansa, sa'an nan alli da allo su biyo baya. Da rarrafe yaro kan tashi.