Kafin ka shiga gidan haya

A Birnin Ƙonni baƙi ba su yankewa. Gari ne na bakin iyaka, ga kasuwa, ga babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. A Malbaza akwai ma'aikatar siminti tun shekarun 1960, mutane suna zuwa neman aiki. A Illela ta jihar Tawa kuwa, gwamnati takan aiko malaman makaranta da ma'aikatan lafiya daga nesa. Duk waɗannan mutane suna bukatar wurin kwana. Gwamnati tana da kamfanin gina gidaje mai suna SONUCI, amma yawancin aikinsa a Yamai yake. A nan wajenmu kaɗan ne ke samun gidan gwamnati ko na kamfani. Sauran sai haya.

To, ko gidan na gwamnati ne, ko na kamfani, ko na wani mai hali a unguwa, tambayar ɗaya ce. Wani ya fita, kai za ka shiga. Wa zai gyara abin da ya lalace?

Dokar da Nijar ta gada daga Faransa ta ba da amsa. Mai gida shi zai miƙa gidansa a gyare. Babban gyara, kamar rufi da bango, nasa ne. Ƙaramin gyara, kamar makullin ƙofa ko gilashin taga, yana komawa kan ɗan haya bayan ya shiga. A shekarar 1996 ma an yi wata doka ta musamman a kan hayar gidaje. Amma akwai wani wuri da mutane da yawa ba su sani ba. In ba a rubuta yadda gidan yake ranar shiga ba, ana ɗauka ƙananan abubuwan nan lafiya ka same su, sai in ka kawo shaida. Ranar fita sai a ce kai ka ɓata ƙofa, kai ka fasa taga, a riƙe kuɗin da ka ajiye.

Saboda haka kada ka yi gaggawa. Je ka duba gidan da rana tsaka, ba da magariba ba. In da hali, tafi da magini ko wani dattijo da ya san gini.

Fara da rufi. In soro ne, ɗaga kanka ka dubi azara. Ɗauki sanda ka ƙwanƙwasa. Azara mai lafiya tana da tauri. Wadda gara ta ci kuwa, sanda na taɓa ta sai gari ya zubo. Dubi bango daga sama zuwa ƙasa. In ka ga alamar ruwa ya gangaro, ɗakin yana yoyo, ko da mai gida ya rantse. Ka fita waje ka ga indararo. Ya karye? Ya toshe? Indararon da ya toshe yakan tara ruwa bisa soro. Ƙasa ta jiƙe, ta yi nauyi, azara ta kasa ɗauka. In rufin kwano ne, rufe ƙofa da taga ka tsaya cikin duhu. Duk inda haske ya shigo, nan ruwa zai shigo.

Wannan ba maganar wasa ba ce. A damanar 2024 ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasarmu. Mutane fiye da 300 suka rasu, kuma da yawa daga cikinsu gini ne ya faɗa musu. A Damagaram har tsohon masallacin Birni ya rushe. Bayan haka ne gwamnati ta rage kuɗin siminti don jama'a su samu su sake gini.

Sai bango. Sunkuya ka dubi gindinsa, don daga nan ruwa yake fara ci. In gindin bango ya zaizaye ya yi rami, ginin yana tsaye ne da ƙafa ɗaya. Dubi kusurwa. Ƴar tsaga kamar zare ba ta da laifi sosai, yaɓe zai rufe ta. Amma tsagar da yatsa ke shiga, wadda ta taso daga sama har ƙasa, wannan sai magini.

Ga wani abu da ke ruɗin mutane. Tun da siminti yana kusa da mu, masu gida da yawa suna shafe bangon ƙasa da shi. Yana da kyaun gani, ba shakka. Sai dai siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. Da an yi ƴan shekaru sai shafen ya rabu da bango. Ruwa ya shiga ta baya yana cin ƙasa, ba wanda ya gani. Ƙwanƙwasa bangon da hannu. In ka ji yana amsawa kamar ganga, akwai kogo a ciki. Ni dai na fi amincewa da bangon da ake yi wa yaɓe duk shekara, ko wanda aka shafe da makuba irin ta kakanninmu. Shi ba ya ɓoye ciwonsa. Haka kuma sabon fenti ba gyara ba ne. In an shafa shi a wuri ɗaya kawai, tambayi abin da ke ƙarƙashi.

Kada ka ji kunyar leƙa salanga. Ta cika? Daɓen bakinta ya tsage? Yaro yana iya ruftawa. Tana da murfi? In akwai rijiya a gidan, ya kamata salanga ta yi nesa da ita, kamar mita 30. Ka zuba ruwa bokiti ɗaya a wurin wanka, ka ga inda ya bi. Ruwan da ya kwanta a tsakar gida shi ke tara sauro.

Ƙofa da taga ba su da wuyar dubawa: buɗe, rufe, gwada makulli. In akwai wuta, dubi waya ko ta yi tsirara. Ka nemi takardar biyan NIGELEC ta ƙarshe, da ta ruwa in akwai famfo, don kada ka gaji bashin wanda ya fita.

Yanzu sai rubutu, kuma nan ne karatunka zai yi maka rana. Ɗauki takarda da biro. Sa kwanan wata a sama. Bi ɗaki ɗaki kana rubutawa. Misali:

Ɗakin gabas: azara 2 gara ta ci. Indararo ya karye.
Ɗakin yamma: lafiya. Taga ba ta rufuwa.
Salanga: ba murfi.
Mai gida zai gyara azara da indararo kafin watan Yuni.

A yi takarda biyu, ɗaya taka, ɗaya ta mai gida. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, gaban shaidu biyu. In an samu mai unguwa, ya fi. Mai salula ya ɗauki hoto ya ƙara.

Wani lokaci mai gida zai ce: "Shiga kawai, malam, ka gyara, sai mu cire a kuɗin haya." Ba laifi, in kun yarda. Amma a rubuta ko jika nawa ne, da watan da za a cire. Rufi da bango kuwa, a gama su kafin ka kawo iyali, ko da za ka ƙara sati biyu a inda kake.

Tambayoyi

1. Wane gyara ne na mai gida, wane ne na ɗan haya?
2. Yaya ake gane azarar da gara ta ci?
3. Me ya sa ake ƙwanƙwasa bangon da aka shafe da siminti?

Aiki: Duba ɗakin da kake kwana. Rubuta abu uku da ke son gyara kafin damana, ka kawo aji gobe.