Yaron da Muryar Aji Take Ɓoyewa

Shekaru uku na farkon firamare su ne lokacin da yaro yake koyon karatu, daga aji huɗu kuwa ana sa ran ya yi amfani da karatun wajen koyon sauran darussa, saboda haka wanda ya wuce wannan mataki bai iya haɗa baƙi da wasali ba yakan yi ta jan ƙafa a kowane fanni har ya gama aji shida. Tun daga shirin ilimin firamare ga kowa na 1976 zuwa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ƙoƙarin hukuma a Nijeriya ya fi karkata ga shigar da yara makaranta, sai dai shiga aji daban, iya karatu daban. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara masu shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suna fama da talaucin koyo, wato ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe da ƙananan azuzuwa ya san inda matsalar take ɓuya. Idan yara sun cika aji maƙil, hanyar da ta fi sauƙi ita ce malami ya rubuta a allo, ya faɗa, su amsa baki ɗaya, kuma wanda ya tsaya a bakin taga ya ji ana rera "ba, be, bi, bo, bu" zai ɗauka karatu ya zauna. Amma idan aka ware yaro guda, aka nuna masa "bo" ita kaɗai ba a jere ba, sai a ga ya yi shiru yana kallon bakin malami, ko kuma ya koma farkon layi yana rerawa a hankali har ya iso wurin. Wani kuma yakan kawo shafi guda da ka alhali yatsansa yana kan layin da ba shi ne yake faɗa ba. Irin wannan yaro ba daƙiƙi ba ne, hadda ya yi, kuma haddar ta rufe gibinsa har aka ciyar da shi gaba ba tare da kowa ya saurare shi shi kaɗai ba.

Abin takaicin shi ne rubutun Hausa yana da sauƙin koyo, domin kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, kuma yawancin gaɓoɓinsa, wato guntayen sautin da ake furtawa a bugu ɗaya kamar "ka" da "za" a kalmar "kaza", baƙi ne da wasali. Wuraren tuntuɓe sanannu ne: rikita b da d, mance lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky. A kan wannan tsari na tafiya daga sauti zuwa gaɓa, zuwa kalma, zuwa jimla aka gina littattafan Mu Karanta da aka yi amfani da su a Bauchi da Sakkwato, da shirin koyar da karatu na RANA a Katsina da Zamfara, kuma ya dace da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa.

Sauraron yaro shi kaɗai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, domin a makarantar allo ɗalibi ba ya wanke allonsa a yi masa ƙari sai ya zo gaban malam ya biya. Wannan biyawar ce cunkoso ya hana malamin boko, kuma gida ne ya fi dacewa ya mayar da ita. Minti goma ko goma sha biyar a kullum, a lokaci tsayayye kamar bayan magariba, sun fi awa biyu a daren jarrabawa amfani. Maimakon a tambayi yaro abin da aka koya musu, tambayar da amsarta ba ta wuce "Turanci da lissafi", gara a buɗe littafinsa, a nuna kalma daga tsakiya ko daga ƙarshen shafi, a ce ya karanta yana bi da yatsa, sannan ya faɗi ma'anarta da bakinsa. Idan ya kakare, a ba shi ɗan lokaci ya gwada gaɓa-gaɓa kafin a faɗa masa, kuma a ajiye bulala, domin yaron da yake tsoron kuskure yakan daina gwadawa ya koma zato.

Iyayen da ba su yi boko ba sukan ɗauka ba su da rawar takawa, alhali babban ɓangare na fahimtar karatu daga yawan kalmomin da yaro ya sani yake fitowa. Uwar da take yi wa ɗanta tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ta tsaya a tsakiya ta tambaye shi abin da yake ganin zai biyo baya, tana koya masa bin zaren labari da hasashe, waɗanda su ne ake auna shi da su a darasin fahimta. Haka nan lissafa canji bayan aike, da ƙirga mudun hatsi, da raba ƙosai daidai tsakanin ƙanne, duk harsashin tarawa da ɗebewa da rabawa ne. Sauraron karatun kuwa ana iya ɗora shi a kan yayansa ko yayarsa da ke aji biyar, uba yana zaune yana ji.

Akwai kuma abubuwan da malami ba ya iya gyarawa daga aji. Yaron da ake tsayarwa ranar kasuwa, ko lokacin shuka da girbi, ko don talla, yakan rasa haruffan da aka koyar a ranakun, kuma da wuya a koma kansu dominsa. Wanda ya fito ba karin kumallo ba ya jure darasin hantsi. Wanda yake matse ido idan ya kalli allo, ko yake fama da ciwon kunne mai zubar da ruwa, asibiti yake bukata kafin a yanke masa hukuncin rashin ƙoƙari. Ya kamata uba ko uwa su leƙa makaranta ko da sau ɗaya ne a zango, ba sai ranar karɓar sakamako ba, su tambayi malamin aji haruffan da yaron bai riƙe ba tukuna, su kuma roƙi a matso da shi gaba idan gani ko ji yana ba shi wahala.