Idan Ƙafar Mai Ciwon Daji Ta Kumbura, Kada A Yi Tausa

Ƙafa ɗaya ta kumbura, sharaɓa ta ɗau zafi tana sheƙi, mara lafiya ya ce taka ta ma aiki ne. A gidajenmu abin da za a fara yi shi ne a ɗauko man zafi a hau tausa. In mai ƙafar yana fama da ciwon daji, don Allah a dakata. Wataƙila jini ne ya daskare cikin babbar jijiyar ƙafar, kuma matsa wurin na iya ɓalle gudan ya bi jini ya toshe huhu. Haka nan kada a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga.

Tun 1865 wani likitan Faransa, Armand Trousseau, ya lura da alaƙar ciwon daji, wato kansa, da daskarewar jini. Ciwon yana sa jini saurin daskarewa, ga maganin kemo, ga tiyata, ga doguwar kwanciya. Kansar ciki, ta huhu, ta ƙwaƙwalwa da ta ƙwan mace suna cikin waɗanda suka fi jawo hakan.

A kai mai ƙafar asibiti a ranar, a yi sikanin jijiyoyin ƙafar. In kuwa numfashi ya fara sarƙewa farat ɗaya, ko ƙirji na suka, ko tari da jini, ko tsakar dare ne a nufi sashen gaggawa.

Maganin tsinka jini iri-iri ne. Akwai allurar enoxaparin, wadda aka fi sani da Clexane, ana yin ta ƙarƙashin fatar ciki, nesa kaɗan da cibiya, ana sauya gefe kullum, ba a murza wurin. Akwai ƙwayoyi irin apixaban da rivaroxaban, sai dai ga mai kansar ciki ko hanji rivaroxaban na iya ƙara haɗarin zubar jini, shi ya sa zaɓin na likita ne. Warfarin ya fi araha, amma yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma daidaita shi lokacin kemo da wuya.

Inda na fi damuwa shi ne bayan kumburi ya saɓe. Kuɗi sun yi nauyi, ƙafa ta koma daidai, sai a ajiye magani. Ƙa'ida wata 3 zuwa 6 ne aƙalla, sau da yawa ma a ci gaba muddin ana jinyar kansar, domin gudan na dawowa. In aljihu ya gaza, a faɗa wa likita ya sauya wani, kada a daina a ɓoye.

A guji diclofenac, ibuprofen da asfirin sai da izinin likita, haka ma jiƙe-jiƙen gargajiya. Baƙin bayan gida, jini a fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa ko matsanancin ciwon kai, duk na komawa asibiti ne nan take. Da zarar an fara magani, mara lafiya ya riƙa ɗan tattaki a tsakar gida, in ya zauna ya ɗora ƙafar kan matashi.