Yadda Za Mu Gyara Jin Rediyo A Cikin Kwale-kwale

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a Tafkin Kainji ya san masunci ba ya rabuwa da rediyonsa. Tafkin nan, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968, tsawonsa ya fi kilomita 100, mutum kuwa yakan kwana a kan ruwa nesa da gari. Ta rediyo yake jin labarin duniya, da hasashen yanayi, da gargaɗin ambaliya. Amma sau da yawa, da an yi nisa da gaɓa sai murya ta dushe, a bar mutum da shuu kawai. Mai akwatin ya ce ya lalace, ya sayi sabo, shi ma haka. A wannan darasi za mu ga cewa yawanci laifin ba na akwatin ba ne.

Da farko mu dubi fuskar rediyo. Za mu ga zango uku: FM, da MW wato matsakaicin zango, da SW wato gajeren zango. Kowanne da hanyar da yake bi ya iso gare mu, saboda haka kowanne da maganinsa.

FM yana tafiya kusan a miƙe, kamar haske. Duniya kuwa a dunƙule take, kwale-kwale kuma yana ƙasa ƙwarai. Eriyar da take mita 1 bisa ruwa tana hangen kimanin kilomita 4 ne, amma in ta hau mita 4 sai ta hangi kilomita 8, ban da nisan da hasumiyar tashar take kaiwa. Don haka kada mu ajiye akwatin a gindin jirgi. Mu rataye shi a sama, mu ja eriyarsa ta kai kimanin santimita 75, gama wannan shi ne tsawon da ya dace da FM.

MW dabam yake. Eriyarsa wani ɗan sanda ne baƙi da aka naɗe da waya a cikin akwatin, saboda haka jan eriyar waje ba ya ƙara kome. Sai dai mu juya akwatin kansa a hankali har murya ta fito sarai. In jirgi ya sake hanya, mu ma mu sake juya shi.

Gajeren zango shi ne abokin mai nisa. Ta nan Hausawa suka fara jin Sashen Hausa na BBC daga London a 1957. Saƙonsa yakan hau sama, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, ya komo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita. Rana tana canja halin wannan sashe, shi ya sa da rana muka fi samun tasha a mita 16 ko 19, da dare kuwa a mita 31, 41 ko 49. A nan mu sami wayar wuta mai rufin roba, mita 5 zuwa 7. Mu ɗaure baki ɗaya a kan gora a goshin jirgi, mu fere ɗaya bakin mu naɗa shi a eriyar akwatin. Kada wayar ta taɓa ruwa ko ƙarfe. In tashoshi suka soma hawan juna, wayar ta yi tsawo, sai a rage.

Sauran matsala ita ce ƙara. Fulogin injin jirgi yana tartsatsi sau dubbai a minti guda, rediyo kuma yana kama kowanne, musamman a MW da SW. Gwajin ba wuya: a kashe inji. In ƙarar ta tsaya, mun gane mai laifi. Mu matsar da akwatin can gaba nesa da inji, mu kuma tambayi makanike fulogi mai rage ƙara, wanda yawanci yake da harafin R a lambarsa. Cajar waya mai araha da wasu fitilun caji su ma suna kawo ƙara, a kashe su lokacin labarai. Batir mai rauni yana dushe murya, laima kuma tana sa tsatsa a mazauninsa. Mu riƙa gogewa, mu ajiye akwatin cikin leda.

Ga gargaɗi mai muhimmanci. A tsakiyar tafki babu abin da ya fi gorar nan tsayi, tsawa kuwa ta fi faɗa wa abu mai tsayi. Da mun ga hadari ya taso, ko mun ji ƙas-ƙas mai ƙarfi a MW, mu cire wayar, mu kwantar da gora, mu nufi gaɓa.

Ɗalibai, ba sai kun shiga ruwa za ku gwada wannan ba. Lokacin hutu ku ɗauki rediyon gida da izinin iyaye, ku nemi tasha guda a gajeren zango da rana, ku sake nemanta da dare, da waya da kuma babu waya. Ku rubuta abin da kuka ji, ku kawo mana aji. Wanda yake da ɗan'uwa masunci kuwa, ya koya masa.