Ɗinki Ya Warke, Amma Ciki Fa?

'Yar'uwa, idan an taɓa yi miki tiyatar haihuwa ko aikin cire ƙari a mahaifa, kada warkewar fata ta sa ki saki jiki. Tun a makon farko bayan aiki, wani nama mai kama da yanar gizo yakan tsiro a ciki, ya liƙa hanji da mahaifa, ko mahaifa da mafitsara. Mata da yawa ba sa jin komai. Wasu kuwa sukan yi fama da ciwon mara, zafi wajen kwanciyar aure, ko jinkirin samun ciki, sau da yawa kuma hoton sikanin ba ya nuna shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne toshewar hanji sakamakon wannan mannewar, wadda kan iya zuwa ko bayan shekara 10. Ciki ya kumbura, ga murɗa da amai, babu bahaya, babu tusa: wannan ba na jiƙo ba ne. A tafi Babban Asibitin Suleja nan take, ko da tsakar dare, kuma kada ki ci komai.

Yawan tiyata na ƙara mannewar. Ki ba da tazarar kamar shekara 2 kafin wani cikin, kuma duk likitan da ya duba ki, faɗa masa sau nawa aka yi miki aiki.